Shekara 100: daga rijiya ko daga rawani?

A watan Disamba na 2015, da aka yi bikin Maraɗi Kwalliya, samarin garinmu sun cika mota biyu sun tafi kallo. Suka komo da labarin sabuwar kwalta da fitilun hanya da faretin soja da hawan dawaki, aka yi kwana da kwanaki ba a wata hira a tasha sai wannan. Ran nan da la'asar sai huɗu daga cikin ƴan fadar da ke dafa shayi a gindin bedin bakin kasuwa suka yi mini sallama. Duka huɗun ta hannuna suka bi a lakwal. Babbansu, wanda har yau nake tuna yadda lissafin rabawa ke sa shi kuka, ya durƙusa ya ce, "Mushe, tambaya muka zo da ita. Garin ga namu shekararshi nawa?"

Shekara 31 na yi ina riƙe da alli. Na koya wa yara daular Gana da Mali da Songai, na sa sun haddace 18 ga Disamba 1958 da 3 ga Agusta 1960, na sha jan kunnen wanda ya rikita su. Amma garin da aka binne cibiyata, ban san shekarunsa ba. Na sa aka kawo musu ruwa don in sami lokacin tunani. Daga baya na ce su je su duba katin ɗan ƙasa na iyayensu: mafi yawa za su ga an rubuta né vers, wato an haife shi wajajen shekara kaza, domin ranar haihuwar ba wanda ya rubuta, sai daga baya alƙali ya ƙiyasta da shaidu. Na ce garinmu ma haka yake. Suka yi dariya, amma ba su tashi ba. So suke su yi wa garinsu biki da ƙarfinsu, kuma wani tsoho ya taɓa ce musu garin ya kusa shekara 100.

Ba zan faɗi sunan garin ba, za ku ga dalili a gaba. Gari ne ƙarami a arewacin Tsibiri, mai kasuwa ɗaya a mako, lakwal biyu, CEG ɗaya da ƙaramar likita. Irinsa sun yi yawa a jahar Maraɗi, kuma na san malamai da iyaye da dama za su ga garinsu a cikin namu.

Tsohon bai yi kuskure ba, kuma akwai dalilin da ya sa garuruwa irin namu suke kusan sa'o'in juna. A 1808 Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a hannun masu jihadi, aka kashe Sarki Yunfa. Sarakunan Katsina na dauri su ma sun bar birninsu, suka yi ta gwagwarmaya har suka zauna a Maraɗi wajajen 1819 a ƙarƙashin Ɗan Kasawa. A 1836 aka gwabza a Gawakuke, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi nasara, Sarkin Gobir Ali da Rauda na Maraɗi suka kwanta dama a fagen fama. Bayan wannan ne Mayaƙi ya tattara sauran Gobirawa ya kafa Tsibiri, dab da Maraɗi. Daga nan har ƙarshen ƙarnin, hari ne da ramuwar hari. Mutane sun matsu a bakin gulbi, cikin ganuwa ko kafi, suna noma inda ihu zai iya kaiwa gida. Dajin da ke bayan haka na maharba ne da makiyaya da ƴan samame. Wanda ya yi nisa da gonarsa yana iya kwana da igiya a wuya.

Sai Nasara suka zo. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙonni, ta bi gabas tana ɓarna har ƙasar Tasawa, inda su biyun suka mutu a hannun sojojinsu, kaburburansu na nan a Maijirgi. Tsakanin 1906 da 1908 tawagar Tilho ta shata iyaka tsakanin Faransa da Ingila, kuma tafintanta, Landeroin, ya zauna da fadawa da maroƙa ya rubuta jerin sarakunan ƙasashen nan. Wannan aiki nasa har yau masana na komawa gare shi. To amma jerin sarakuna ya rubuta. Ba wanda ya zauna ya rubuta ranar da wani ƙane, da ya rasa gona a gandun gidansu, ya ɗauki gatari da matarsa ya shiga daji.

Kuma abin da ya faru ke nan. Da hari ya ƙare, daji ya buɗe. Ƙannai suka fita neman ƙasa. Waɗanda suka gaji da lanho da aikin dole da idon dogarai suka nemi inda doki ba ya saurin kaiwa. Bayin da suka sami kansu suka bi sahu. Da jirgin ƙasa ya iso Kano wajajen 1912, gujjiya ta zama kuɗi, sai kowane fako da jigawa suka yi daraja. Tunga ta zama ƙauye, ƙauye ya zama gari. Duk wannan ya faru ne ba takarda.

Da na bayyana musu haka, sai ƙaraminsu ya ce, "To Mushe, ke nan ba a iya sani?" Na ce ana iyawa, amma sai an tambayi masu shi, kuma masu shi suna ƙarewa.

Muka kafa kwamiti a zauren maigari a farkon 2016: samarin fada, darakta da malaman lakwal, mata biyu, wakilin ƴan kasuwa, liman, da ni. Aikin farko da na roƙa shi ne a ba ni yara. Muka zaɓi ƴan CM2 da wasu ƴan CEG, muka raba su biyu-biyu, kowane biyu da kaye da bik, wasu da salular yayyensu don ɗaukar murya. Na hana su tambayar "a wace shekara". Tsoho ba ya ƙirga da 1900 da kaza. Na ce su tambaya: kafin wace yunwa, bayan wane sarki, kakarka tana goyon wa a lokacin? Muna da kalandarmu, sai dai da wahala aka rubuta ta. Kakalaba ita ce yunwar 1913 zuwa 1914. Ruwan da ya ci tsohon garin Maraɗi har aka hau da shi tudu, 1945 ne. Shekarar garin rogo tana farkon shekarun 1950. El Buhari ita ce ta 1984, lokacin da fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya. In tsohuwa ta ce an yi mata aure damina biyu bayan ruwan Maraɗi, ka sami shekarunta fiye da yadda katinta zai gaya maka.

A nan ina da kira ga malamai: wannan ne darasin tarihi mafi kyau da na taɓa bayarwa, kuma sai da na aje alli na ba da shi. Yaran da ba sa iya cika layi biyar a rubutun aji sun komo da shafi goma-goma. Na bar su su rubuta da Hausa, yadda aka faɗa musu. Wani malami ya yi ƙorafin cewa hakan zai ɓata musu Faransanci. Bai ɓata ba.

Da kayen suka taru, sai na ga ba labari ɗaya muke da shi ba.

Gidan maigari suka ce kakansu ne ya kafa garin. Bafaden Tsibiri ne, Sarkin Gobir ya ba shi dajin, ya naɗa masa rawani, ya zo da iyalinsa da dawakinsa. Suna da jerin masu gari huɗu da shekarun kowane, ba gargada.

Zuriyar maharbi, waɗanda kakanninsu Anna ne, suka ce ina! Kakansu ne ya fara kwana a wurin, a gindin wata tsamiya da zabi ke taruwa. Shi ya sare icen farko, shi ya yi abin da ake yi a wancan zamani don neman iznin masu wurin. Rawani daga baya ya zo, lokacin da Nasara ke neman wanda zai tara musu lanho. Tsohonsu ya gaya wa yaran, su kuma suka rubuta yadda ya faɗa: "Mu munka share wuri, su sunka zo sunka shimfiɗa buzu."

Fulanin ruga da Bugajen zangon da ke gabas da gari suka ce kafin maharbi da bafade duka, akwai tabki a kwarin da ake noma yanzu, kuma shanunsu da raƙumansu na sha a nan tun kakannin kakanni. Wata tsohuwa a zango ta ƙara da cewa da shanun ubanta aka ja ƙasar rijiyar farko.

Ni kuwa, da kaina na mushe, na yi abin da na saba. Wani tsohon ɗalibina da ke aiki a Yamai ya leƙa mana ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, ya samo sunan garin a wata takardar ƙidaya ta shekarun 1920, bayan an mai da Nijar koloni a 1922, tare da sunan kakan maigari a matsayin mai tara lanho. Na ga takarda, na ga hatimi, hankalina ya kwanta. Na zauna ni kaɗai na tsara takardar gayyata, na rubuta cewa garin wane ne ya kafa shi, na ba wani yaro ya kai a buga samfuri a Maraɗi. Ban shawarci kowa ba. Wannan laifina ne, kuma ya kusa kashe bikin.

Samfurin ya zaga gari kafin ya komo hannuna. Zuriyar maharbi suka janye yaransu daga aikin. Mutanen zango suka aiko cewa ba za su kawo raƙuma ba. Da farko na ɗauka fushin girma ne kawai, irin na wa za a fara ambata. Sai darakta, wanda ya taɓa zama cikin kwamitin filaye na komin, ya ja ni gefe ya tuna mini abin da na sani na manta. Dokar karkara ta 1993 ta amince da mallakar gona ta gargajiya, kuma cikin abin da take dogara da shi akwai abin da jama'a suka shaida, suka riƙe a ka, game da wanda ya gaji wuri. A kwarin nan na tsohon tabki akwai gonakin da ake jayayya a kansu shekara da shekaru, akwai kuma burtalin da gonaki suka cinye. Takardar da aka buga da sunan gari duka, aka karanta gaban sarki da magajin gari, wadda ta ce wane ne ya kafa gari, gobe tana iya fitowa daga aljihun wani a gaban Kofo ko gaban alƙali. Mutanen da na ɗauka suna fushin banza sun fi ni sanin abin da nake rubutawa. Shi ya sa har yanzu ban faɗi sunan garin ba, don maganar kwarin ba ta mutu ba.

Wadda ta fitar da mu yarinya ce ƴar CM2. Muna zaune a aji ina duba kayensu rai a ɓace, ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, in kakan maigari ya kafa garin, don mi ake kiran tsohuwar rijiya da sunan wani?"

Shekara 60 da wani abu ina faɗin sunan rijiyar nan. Uwata ta aike ni can ba adadi. Ban taɓa tambayar ko wane ne mai sunan ba. Na koma cikin kayen, sai na ga labaran uku, duk da saɓaninsu, sun haɗu a wuri ɗaya: kowa ya ambaci rijiyar, kowa ya ambaci mutumin da ya gina ta, amma a gurguje, kamar yadda ake ambaton jakin da ya kawo kaya. Jikokinsa na nan a unguwar yamma. Ba a aika musu yara ba, domin ba wanda ya yi tunanin suna da tarihi. Kowa a gari ya san dalili, ba a dai faɗi: kakansu bawa ne da ya sami kansa.

Na tafi da kaina. Babbarsu tsohuwa ce da ta daina gani. Na gaishe ta, na ce, "Inna, na zo roƙon labarin rijiya." Ta yi shiru har na zaci ba ta ji ba. Sannan ta ce, "Ɗan nan, sai yau?" Ta ce kakanta ya yi wata uku yana gina, ana saukar da shi da igiya, ƙasa ta taɓa rufta masa har gwiwa. Ta ce an fara ne damina biyu bayan Kakalaba, da mutane suka ɗan farfaɗo. Kafin nan masu tunga sukan zo da damina su yi noma, da rani su koma bakin gulbi saboda ƙishirwa. Ranar da aka ga ruwa, ran nan mata suka yarda suka kawo tukwanensu.

Damina biyu bayan Kakalaba ta kai mu wajajen 1916. Na koma kayen zango, na tarar tsohuwar can ta ce an ja ƙasar rijiya da rani, kuma da sanyin da ya biyo baya aka ji labarin yaƙin Kawusan. Kawusan ya kewaye Agadas a watan Disamba na 1916. Tsofaffi biyu, ɗaya a yamma ɗaya a gabas, da ba su taɓa zama tabarma ɗaya ba, kowace da nata ma'auni, sun nuna shekara guda. A aikin tarihi ba kullum ake samun irin wannan ba. Na fi amincewa da shi bisa takardar mai hatimi, wadda ba ta nuna kome ba sai ranar da Nasara ya fara karɓar kuɗi a wurin.

Na kai maganar zauren maigari, na fara da ba da haƙuri. Na ce ba mu da hanyar raba gardamar wanda ya fara zuwa, kuma ba aikin biki ba ne ya raba ta. Amma wuri ba ya zama gari sai an iya kwana a cikinsa da rani. Mu ƙirga daga rijiya. Maigari, Allah ya ba shi lada, ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce rawanin kakansa ma da ruwan rijiyar aka wanke shi. Aka amince a kan kalmomin da za a rubuta: shekara 100 da samun ruwa. Ba "kafa", ba "wanda ya kafa". Za a ambaci maharbi da bafade da makiyaya da magini, kowa da aikinsa, kuma kowane gida shi zai zaɓi wanda zai faɗi nasa labari. Mutanen unguwar yamma suka sa sharaɗi ɗaya: a faɗi sunan kakansu da aikinsa, kada a taɓo asalinsa a lasifika. Wani matashin malami ya ce ɓoye gaskiya ne. Na ce masa gaskiyar tasu ce, su ke da ikon ranar da za a faɗe ta, kuma tana nan rubuce a kaye.

Saura aiki. A nan ma tarihi ya tare mu, ta inda ban zata ba. Samarin sun sa mai shela ya zaga yana cewa kowane gida ya ba da mutum ɗaya ranar Lahadi don share fili da gyaran hanya. Mutum bakwai suka fito. Da na bincika, sai wani dattijo ya ce mini, "Kowane gida mutum guda? Haka gardi ka faɗi zamanin ubana." Aikin dole na Nasara, wanda aka gina hanyoyi da gidajen kwamanda da shi, sai a 1946 doka ta soke shi, amma kalmominsa ba su bar kunnen mutane ba. Bayan ƴancin kai an yi zamanin jam'iyya ɗaya, da tarbar manya a rana tun safe. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kunce ya ɗauko tsohuwar samariya, mai sarkin samari da muƙamanta, ya mai da ita ta ƙasa baki ɗaya. Ni ɗan samariya ne, kuma ba zan zage ta ba. Aji biyu na lakwal ɗin da na koyar a ciki samariya ce ta buga tubalinsu. A zamanin ne aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, kuma kowane ƙauye ya sami ƴan wasan kwaikwayo da ƴan rawa. Amma na kuma san cewa wanda bai fito aiki ba ana rubuta sunansa, kuma sunan yana iya kaiwa inda ba ya so. Bayan taron ƙasa na 1991 samariya ta watse, fada-fada suka maye gurbinta, ba mai tilasta kowa, ba kuma mai iya tara kowa.

Matan kwamiti ne suka gyara mana. Ɗayarsu ta ce, "Ku kira gayya mana." Gayya ba shela ba ce. Mai gayya yana takawa da ƙafarsa ya roƙa, yana kai goro, yana dama fura, yana kiran makaɗa, kuma ranar da aka kira tasa gayyar zai je. Samarin suka bi gida-gida suna gaisuwa. Mata suka tara hatsi tiya-tiya. Aka kira masu gangar noma. Lahadin da ta biyo baya fili bai ɗauki mutane ba, har da waɗanda suka zo don furar kawai, su ma an ba su tsintsiya.

Kuɗi kuwa, mun ba wata mata ajiya, wadda ta yi shekaru tana riƙe da akwatin ƙungiyarsu ta Mata Masu Dubara, irin asusun nan da aka fara a jahar Maraɗi a 1991. Ita ta kawo mana dokarsu: akwati a hannun mutum ɗaya, makullai a hannun wasu, ba a buɗewa sai gaban jama'a. Kowace Juma'a ana rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita a allon da muka jingine a bangon lakwal, daga dala ashirin ta mai ƙosai har jikkunan ƴan kasuwa. Shekarar zaɓe ce, an yi zagaye na farko a Fabrairu, na biyu a Maris, kuma ƴan takara biyu sun aiko da tayin rumfuna da atamfa mai hoto. Mun ce muna godiya, wanda zai ba da gudummawa ya bari sai bayan zaɓe, a rubuta sunansa a allo kamar kowa. Ɗaya ya aiko. Ɗayan ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Abin da ya fi yi mana ciwo shi ne naira. Ƴan garinmu da ke Kano da Legas sun yi alkawari da naira tun farkon shekara, kafin kaka naira ta zube, abin da ya iso hannunmu da sefa bai kai abin da muka sa rai ba. Muka soke atamfar biki, muka soke makaɗin da za a ɗauko daga nesa. Ban yi baƙin ciki ba. Abin da ya rage muka sayi siminti aka ɗaure bakin tsohuwar rijiya, aka yi mata marfi.

Liman ya nuna damuwa kan abin da zuriyar maharbi za su yi a gindin tsamiya. Aka zauna, aka daidaita cikin rabin sa'a: za su faɗi abin da kakansu ya yi, ba za a yi shi ba. Su ma, da yake yau duk masallata ne, abin da suke so ke nan.

Mun sa ranar a hutun ƙarshen Disamba, bayan an gama ɗaurin hatsi, ƴan ci-rani ba su gama watsewa ba, kuma bikin 18 ga wata, da aka yi a Agadas a shekarar, ya wuce. Ranar kanta ba ni da dogon labari a kanta. An yi saukar Alƙur'ani da safe, an yi kokowa da langa, Bugaje sun yi sukuwar raƙuma, injin wuta ya mutu sau biyu, abinci bai isa baƙin ƙauyuka ba, har yau ana yi mana gorin haka. Magajin gari ya yi jawabi mai tsawo. Abin da nake riƙe da shi shi ne lokacin da aka zo da tsohuwar unguwar yamma a amalanke, aka zaunar da ita a bakin rijiya, yarinyar nan ta CM2 ta karanta labarinta daga kaye, da Hausa, gaban sarki. Da aka ambaci sunan magini, tsohuwar ta ce a maimaita, ba ta ji da kyau ba. Na san ta ji.

A 2036 Tsibiri za ta cika shekara 200, kuma kafin nan garuruwa da dama na arewacin gulbi za su cika 100 ko su wuce ba wanda ya lura. Wanda ke da niyya, rumfa da lasifika ana samunsu cikin mako ɗaya. Tsofaffin ne ba sa jira. Daga cikin waɗanda yaranmu suka zauna da su a 2016, fiye da rabi sun riga mu gidan gaskiya, har da tsofaffin matan nan biyu. Muryoyin da aka ɗauka a salula kusan duka sun tafi, wata ta faɗa ruwa, wata an sayar, wata an goge don a sa waƙoƙi. Kayen ne suka rage, 14, a cikin akwatin ƙarfe a ofishin darakta.

Bana na buɗe akwatin na tarar gara ta shiga ta ƙasa ta ci biyu. Tun daga lokacin nake kwafe su ɗaya bayan ɗaya a babban rajista, shafi uku ko huɗu kowace safiya kafin ido ya gaji. Ɗaya daga cikin waɗanda garar ta taɓa shi ne na unguwar yamma. A shafi na shida tsohuwar ta faɗi sunan matar magini, wadda ta riƙa saukar masa da fura da igiya wata ukun nan, kuma daidai wurin ne aka huda. Na aika a tambayi jikokin, sun ce za su tambayi wata gwaggonsu da ke aure a Dakwaro.